Makarantar Da Ba Ta Neman Riba

Yau muna so mu jawo hankalin jama'a, musamman hakimai da dagatai da malaman makaranta na ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, zuwa ga wata irin makaranta wadda babu irinta a wajenmu. Makaranta ce ta koya wa yara wata rawa ta Turawa da ake kira Bale, masu ita kuwa ba su kafa ta domin su sami riba ba. Mun sani da jin an ambaci rawa, akwai dattawan da za su ninke jaridar su ajiye, su ce yau kuma abin da aka zo mana da shi ke nan. Muna roƙonsu su yi haƙuri su kai ƙarshen magana. Ba mu nufin a ɗebo rawar Turawa a jibge a bakin gulbin Rima. Abin da muke so a duba shi ne yadda aka kafa irin waɗannan makarantu, da abin da ya riƙe su, da abin da ya kusa kashe su, domin akwai aikin da ke jiranmu wanda ya yi kama da nasu ƙwarai.

Ita dai wannan rawa a fadojin sarakunan Italiya ta faro, yau fiye da shekara 500 ke nan, daga can ta ƙetara Faransa. A 1661 Sarkin Faransa, Luwi na 14, wanda shi kansa ma'abocin rawar ne, ya kafa majalisar gwanaye don su tsara ta su yi mata ƙa'idodi. Shi ya sa har yanzu, ko a Rasha ko a Japan ake koyar da ita, da Faransanci ake faɗin sunan kowane motsi. Ba a waƙa da baki, ba a magana, da motsin jiki kaɗai ake ba da labari, ana bin kiɗa. Wanda ya ga mai rawar ta tsaya bisa kan yatsun ƙafa tana juyi kamar mazari, sai ya zaci abin wasa ne. Alhali kuwa yaro yakan soma koyo yana ɗan shekara 8 ko 10, ya shafe shekara 8 ko fiye kafin a ce ya iya. Kullum darasi da abu guda yake farawa. A jeru a jikin bango, kowa ya dafa wata sanda da aka gitta, a lanƙwasa gwiwa a miƙe, a miƙa ƙafa a komo da ita, a maimaita tsayuwar ƙafa iri biyar waɗanda aka tsara tun zamanin wancan sarki. Gwanin da ya shekara 20 yana yi, da ɗan koyon da ya zo jiya, duk daga nan suke tashi, kamar yadda ɗan maƙeri ba ya taɓa masaba sai ya daɗe a kan zuga-zugi.

Irin wannan koyo yana cin kuɗi. Ana bukatar ɗaki mai daɓen katako, da madubi, da mai kiɗa, da takalma na musamman waɗanda ba su da wuyar lalacewa. Saboda haka shekaru da yawa sai 'ya'yan masu hali ke samunsa, a Amurka kuwa har da 'ya'yan masu halin ma, in baƙaƙen fata ne, akan ce musu wai jikinsu bai dace da ita ba.

Mutumin da ya fi kowa ƙaryata wannan zance shi ne Arthur Mitchell. An haife shi a 1934 a Harlem, watau unguwar baƙaƙen fata ta birnin Niyu Yok, cikin gidan talakawa. Ya koyi rawar, a 1955 ya shiga babbar ƙungiyar Bale ta birnin, ya zama baƙin mutum na farko da ya kai matsayin manyan gwanaye a cikinta. Yana cikin ganiyarsa, har an ba shi aikin kafa ƙungiyar rawa a ƙasar Barazil, sai ran 4 ga Afrilu, 1968, aka harbe Dokta Martin Luther King, jagoran baƙaƙen Amurka masu neman 'yanci. Wannan kisa ya girgiza shi. Ya dubi unguwar da ya fito, ya ga yara suna gararamba a titi ba mai kula da su, sai ya ga babu dalilin da zai tafi gina gidan wasu alhali nasa na zuba. Ya koma Harlem, ya zuba ɗan abin da ya tara, shi da tsohon malaminsa Karel Shook suka buɗe makaranta, wadda a 1969 aka yi wa suna Dance Theatre of Harlem. A wani tsohon garejin mota suka zauna. Da yara wajen 30 suka fara, cikin 'yan watanni sun kai 400.

Yadda aka yi yara 30 suka zama 400 shi ne wurin da ya kamata malamai su tsaya su duba. Mitchell ya bar ƙofar garejin a buɗe, duk mai wucewa yana iya tsayawa ya kalli abin da ake yi, uwa ta ga ɗanta, ɗan unguwa ya ga abokinsa, ba wani ɓoye-ɓoye da zai haifar da zargi. Kuɗin da ake karɓa bai taka kara ya karya ba. Da ya lura yara maza suna jin kunyar matsattsen wandon da masu wannan rawa ke sawa, sai ya yarda su zo da gajeren wandonsu na gida. Amma duk wannan sassauci a bakin ƙofa ya tsaya. Da yaro ya shigo ciki, babu latti, babu wasa da darasi, babu raina malami, kuma ba a rage masa ko motsi ɗaya don an ga shi ɗan talaka ne. A ganinmu nan ne hikimar take. Sau da yawa mu a nan mukan yi akasin haka, mu tsananta a bakin ƙofa da maganar yunifom da kuɗin rajista, sa'an nan mu sassauta a cikin aji, har yaro ya gama aji shida bai iya rubuta sunansa ba. Mitchell ya sani sarai cikin yara 400 kaɗan ne za su ci abinci da rawa. Abin da yake nema ga sauran shi ne su fita da tsayuwar jiki, da kiyaye lokaci, da sanin cewa abin da aka maimaita kullum yakan zama gwaninta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa a Bale ba karin magana kaɗai ba ne, don ƙashi da jijiya in sun riƙa ba su karɓar horon nan.

Daga cikin ɗaliban aka kafa ƙungiya wadda ta zaga duniya, ta je Tarayyar Sobiyat a 1988, ta je Afirka ta Kudu a 1992. Amma suna ba ya biyan albashi. Makarantar da ba ta neman riba da gudummawa take rayuwa, ran da gudummawa ta ja baya kuwa sai ta ji a jikinta. A 2004 bashi ya haura dala miliyan 2, aka sallami ƙungiyar, ba ta komo ba sai 2012. Ita ma makarantar yaran ta rufe na 'yan makonni, amma ita aka fara cetowa, mutane suka tara kuɗi aka sake buɗe ta. Watau da aka zo zaɓi tsakanin gwanayen da ke jawo tafi da yaran da ke dafe da sanda a jikin bango, yaran aka zaɓa. Mitchell ya rasu a 2018, ya bar makarantar tana aiki.

Kada wani ya ce ai wannan Amurka ce, ƙasar masu kuɗi. A nan Nijeriya, a unguwar Ajangbadi ta bayan garin Ikko, watau Legas, wani saurayi mai suna Daniel Ajala ya yi kusan irin wannan ba tare da ko rabin abin da Mitchell ya samu ba. Shi bai taɓa shiga makarantar rawa ba. A majigi ya fara ganin Bale, ya bi ta yana koyo a YouTube, a 2017 ya buɗe makarantarsa mai suna Leap of Dance Academy a ɗakin da yake kwana. In lokacin darasi ya yi sai a ture kaya gefe, a shimfiɗa leda a kan siminti, yara wajen goma sha biyu su jeru, ba ya karɓar ko anini daga iyayensu. A watan Yuni na 2020 aka ɗauki hoton ɗaya daga cikinsu, Anthony Madu, ɗan shekara 11, yana juyi ba takalmi a tsakar gida ana ruwan sama. Hoton ya bazu a intanet, miliyoyin mutane suka kalla, wata babbar makarantar Bale ta Amurka ta ɗauki nauyin koyar da shi, a 2021 kuma ya tafi makarantar Elmhurst ta birnin Birmingham a Ingila. Har fim aka yi a kan labarinsa a 2024.

Jaridun duniya kan yaron nan suka tsaya, ba mu ga laifinsu ba, labari ne mai daɗi. Mu dai malamin muke kallo, da shekara uku da ya yi yana ture kujeru kafin wani ya san da shi, da sauran yaran da ba a ɗauki hotonsu ba. Duk wanda zai kafa irin wannan makaranta don ya fitar da yaro ɗaya ya tafi Turai a buga sunansa, to, caca ya buɗe.

Akwai kuma gargaɗi daga ƙasar Sanigal. A 1977 Shugaba Senghor ya sa aka buɗe makarantar rawa a Dakar, mai suna Mudra Afrique, aka danƙa ta ga wata gwana, Germaine Acogny. Makaranta ce mai kyau, amma da ƙafar shugaba take tsaye. Da ya sauka a ƙarshen 1980, ba ta yi wasu shekaru ba aka rufe ta.

To, mu komo gida. Mece ce alaƙar wannan duka da Wurno da Rabah da Goronyo?

Ba sai an gaya wa kowa halin da gabashin Sakkwato ya shiga ba. Mutanen Rabah ba su manta da harin Tabanni na 2018 ba, da yadda jama'a suka kwararo Gandi neman mafaka. Mutanen Goronyo ba su manta da ranar kasuwar nan ta Oktoba, 2021 ba, ran da 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 40. Ƙauyuka sun tashi sun koma gari, garuruwa sun cika da yaran da gonar ubansu ta gagari zuwa, garken da za su bi an kora. A da yaron ƙauye ba ya rasa abin yi, daga noma sai kiwo, daga kiwo sai dandali da farin wata. Yanzu akwai yaran da ba gona, ba garke, dandalin ma tsoro ya kashe shi. Wanda ke ba yaro wurin zuwa kullum, da babban da zai ji tsoro, da 'yan'uwan da zai yi alfahari da su, shi ke da yaron. In mu ba mu ba shi waɗannan ba, akwai masu ba shi su a cikin daji, da dillalan ƙwaya a bayan tasha. Ba mu ce wasa zai kori ɗan bindiga ba, wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro. Abin da muka ce shi ne Harlem ta 1968 ma unguwa ce mai tarzoma da ƙwaya, mutum ɗaya ya ga abin da yake iya yi da abin da ya iya, ya yi.

Mu kuwa abin da muka iya ba kaɗan ba ne. Ga kokawa, wadda maƙwabtanmu na Nijar suka ɗaukaka tun 1975, sa'ad da suka fara gasar takobi a Tawa, har ta zama abin da ke tara ƙasar duka kowace shekara. Ga langa, wadda in an duba da idon basira horo ce ta tsayuwa bisa ƙafa ɗaya, ba ta da nisa da abin da yaran Ajangbadi ke yi a jikin bango. Ga tsere, ga sukuwa. Ga iyo, wanda ga mutanen da ke zaune a bakin Rima da madatsar ruwan Goronyo ya wuce wasa, balle in aka tuna da kwalekwalen da ya kife da jama'a a kan hanyarsu ta zuwa kasuwar Goronyo a watan Agusta na 2025. Ga gaɗa da sauran wasannin 'yan mata. Duk muna da su. Abin da ba mu da shi shi ne makaranta, watau wuri sananne, da lokaci sananne, da malami wanda ya san abin da zai koyar yau da abin da zai koyar baɗi, da littafin kiran suna. Kokawarmu bayan kaka take tashi, da an yi 'yan makonni ta kwanta. Yaro ya koya in ya koya, ya karye in ya karye, ba wanda ya nuna masa yadda ake faɗuwa. Turawa ba su fi mu jiki ba, sun dai zauna sun rarraba motsin rawarsu daki-daki, suka sa masa suna, suka jera shi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Babu abin da zai hana tsofaffin 'yan kokawarmu su zauna da malaman motsa jiki da kwalejojin horon malamai ke yayewa, su yi wa kokawa da langa irin wannan hidima.

Wani zai ce aron tsarin baƙi ne, rigar aro kuwa ba ta ado. Sai mu tuna masa da ɗan Rabah, marigayi Sardauna Ahmadu Bello. Wasan ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wanda ake kira Fayis, wasan 'ya'yan manya ne na makarantar Eton ta Ingila. Wani malami Bature, Mista Hogben, shi ya kawo shi Arewa wajen 1922, aka gina masa bango da jar ƙasa. Sardauna ya koye shi a Kwalejin Katsina, inda ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, ya gwanance, bai kuma bar shi ba har yana Firimiya. Wasan ya zauna a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi har ya zama na gida, ana gasa a kan kofin da ke ɗauke da sunansa. Ba wanda ya taɓa cewa ƙwallon nan ta rage wa Sardauna mutunci ko addini. An ɗauki abin da ya dace, an bar abin da bai dace ba. Haka za a yi nan. Suturar masu Bale da cuɗanyar maza da mata a fili ɗaya ba namu ba ne, ba kuwa za mu nemi wani uba ya yarda da su ba. Maza da malaminsu, mata da malamarsu a cikin katanga, kowa da suturar da iyayensa suka amince da ita.

Ita kuwa makarantar da ba ta neman riba, ba a Wurno za a koya wa mutane ita ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina garin ya zama ribaɗi, ya zauna a cikinsa, a nan ya rasu a 1837, kuma an san shi da kwaɗaitar da masu mulki su raya masu sana'a a kowane gari. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajis, ta ba kowace malafa, suna kai ilmi ga matan ƙauyuka ba don kuɗi ba, tsarin nan kuwa ya rayu bayan rasuwarta a 1864 don bai rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Kowace makarantar allo da ke zaure shaida ce cewa jama'armu sun san yadda ake riƙe malami da sadakar Laraba da damin hatsi. Abin da ya rage shi ne a yarda horon jiki ma ilmi ne da ya cancanci a riƙe malaminsa.

Shawararmu ga ƙananan hukumomin nan uku ba mai tsada ba ce. Kowace ta ware fili ɗaya a babban garinta, filin makarantar firamare ma ya isa, a zuba yashi, a yi rumfa, a ajiye randa da akwatin magani. Sakataren ilmi ya ba da aron malamin motsa jiki ɗaya da malama ɗaya. Muna da su, sai dai a makarantu da yawa darasinsu ya koma sharar fili da tsintar leda, abin da ya kamata masu duba makarantu su ji kunyarsa. Daga nan hukuma ta janye hannunta. Riƙon makaranta ya zauna ga kwamitin gari, da wakilin hakimi, da liman, da sarkin kokawa ko wani tsohon gwani, da iyaye maza da mata, da wani ɗan kasuwa mai amana da zai riƙe asusu. In aka mai da ita ofishin hukuma, ran da aka canja shugaba za ta bi sawun ta Dakar. In aka jingina ta ga attajiri ɗaya ko wata ƙungiya ta ƙetare, ran da ya gaji za ta ga abin da Harlem ta gani a 2004. Gara buhun albasa daga manoma ashirin da cek ɗaya daga mutum ɗaya. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa jama'a a ƙofar hakimi sau biyu a shekara, domin ba abin da ke kashe aikin gayya da sauri kamar zargin an ci kuɗi. Kada kuma a yarda ɗan siyasa ya buga hotonsa a rigar yaran.

Sharaɗin shiga ɗaya ya isa: yaro ya kawo shaida daga malaminsa, na boko ko na allo, cewa yana zuwa karatu. Ɗan gudun hijira da almajiri da ɗan hakimi duk layi ɗaya za su bi. Game da lokaci, kada a yi karo da Islamiyya, don in aka sa uba ya zaɓa mun san abin da zai zaɓa, yana kuwa da gaskiya. Makarantun allo na hutu ran Alhamis da Jumma'a, sai a ɗauki la'asar ɗin waɗannan ranaku biyu, a ƙara da safiyar Asabar ga waɗanda ba su da karatu, a tashi kafin magariba kowa ya isa gida da sauran haske. A fara da yara 30 bayan an kawar da amfanin gona, a riƙe littafin kiran suna da kyau, in shekara ta zagayo kwamiti ya kawo shi gaban sakataren ilmi a ƙidaya nawa suka tsaya, nawa suka gudu, da dalilin gudunsu.